Littafin Awon 'Ya'yan Mesa Shida

16 ga Yuli, 2023

Ƙwai shidan duk sun ƙyanƙyashe, na ƙarshe ya fasa jiya da daddare. Irin ƙaramar mesar nan ce ta yammaci da tsakiyar Afirka, wadda idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai dai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Masana na kiranta Python regius. Da jikinsu ya bushe na ɗora kowane a sikeli: mafi ƙanƙanta giram 58, mafi nauyi giram 71. Uwa ɗaya, uba ɗaya, kwanci ɗaya, amma tun ba a je ko'ina ba akwai tazarar giram 13 a tsakaninsu.

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi shi ne gardamar da masu kiwon macizai ba sa gajiya da ita: me ke yanke wa maciji girman da zai kai? Wani ya ce abinci ne kawai, wani ya ce jini ne, wani kuma ya rantse cewa maciji ba ya wuce girman akwatin da aka ajiye shi. Macizai shida ba za su raba wannan gardama ba, amma za su nuna mini inda abin ya karkata, muddin na riƙa awo iri ɗaya a kan kari.

Uwar ce ta kwanta a kan ƙwan da kanta har kusan wata biyu, ban ɗauke mata su ba. Na yi haka ne saboda binciken da Fabien Aubret da abokan aikinsa suka yi a Togo a kan wannan mesa, wanda ya fito a 2005. Sun ga cewa naɗewar da uwa ke yi wa ƙwai tana hana su asarar ruwa. Ƙwan da aka bari babu uwa sukan tsotse, gwaiduwar ta daskare, ɗan ya kasa shanye ta duka, sai ya fito ƙarami. Ke nan tun cikin ƙwai ake fara rabon girma, kafin a kai ga maganar ɓera.

29 ga Yuli, 2023

Duk sun yi saɓar farko. Kafin ta babu wanda ya nemi abinci, kuma ban ba su ba, domin gwaiduwar da suka shanye ce ke riƙe da su. Nauyin kowane ya ɗan ragu, haka abin yake.

Awon nauyi ba wuya. Tsawo ne ke da ciwon kai. Maciji mai rai ba ya yarda ya miƙe sak, idan kuma aka ja shi da ƙarfi a kan ma'auni za a iya ji masa ciwo a ƙashin baya, kuma a samu adadin da ya wuce gaskiya, domin jikinsa na ɗan talewa. Dabarar da na zauna a kanta ita ce in ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri da ma'auni a gefe, in ɗauki hoto daga sama tsaye, sannan in bi tsakiyar bayansa da layi a kwamfuta. Ina yi sau uku in ɗauki matsakaici. Shidan sun kama daga santimita 37 zuwa 41.

Masu bincike ba sa dogara da tsawon jiki gaba ɗaya. Suna auna daga hanci zuwa dubura, su rubuta wutsiya daban. Dalili shi ne wutsiya na iya gutsurewa ba ta sake tsirowa, kuma a yawancin macizai ta namiji ta fi ta mace tsawo. Ni ma ina rubuta duka biyun, amma a nan zan riƙa kawo tsawon jiki duka don sauƙin karatu.

A watan nan aka kama wata mesar Bama, wato ƙatuwar mesar nan mai sunan ƙasar Burma ta Asiya, a dajin Big Cypress na jihar Filorida a Amurka, aka auna ta mita 5.79, ita ce mafi tsawo da aka taɓa aunawa a jihar. Abin da ya ba awon daraja shi ne matacciya aka shimfiɗa, aka sa ma'auni a gaban shaidu. Yawancin labaran manyan macizai ba su da wannan.

20 ga Agusta, 2023

Wani gogaggen mai kiwo ya duba mini jinsinsu: mata huɗu, maza biyu. Kowane ya ci sau uku a jere ba gardama, don haka na raba su gida biyu, kowane gida mata biyu da namiji ɗaya, na kuma haɗa manya da ƙanana yadda jimillar nauyin gidajen ta zo kusan ɗaya.

Gidan farko: Doguwa, Ƙyalla da namijinsu Dunƙule. Za su riƙa samun ɓera ɗaya duk kwana 5. Gida na biyu: Mai Ɗigo, Shiru da namijinsu Gajere, su kuma duk kwana 10. Girman ɓeran daidai kaurin tsakiyar jikin mai ci. Kwana 10 ba horon yunwa ba ne ga ɗan mesa, a daji ma da wuya ya samu hakan a jere. Kowane na cikin akwatinsa shi kaɗai, girman akwatunan ɗaya, ɓangaren ɗumi a kan digiri 31 zuwa 32, ɓangaren sanyi wajen 26. Abinci kaɗai na bambanta.

Na kuma ƙirga ƙamborin ciki, wato faffaɗan ƙamborin nan da ke jere daga maƙogwaro zuwa dubura, daga saɓar da suka yar. Aikin na cin ido, amma akwai dalili. A yawancin macizai kowane ƙamborin ciki na daidai da gaɓa ɗaya ta ƙashin baya, kuma adadin gaɓoɓin tun cikin ƙwai yake tsayawa. Maciji ba ya ƙara gaɓa ko ƙambori yayin da yake girma, waɗanda yake da su ne ke ƙara girma. Idan aka kwatanta wani nau'in maciji da wani nau'in, manyan macizai sukan fi ƙanana yawan gaɓoɓi. Ko hakan zai nuna a tsakanin 'yan uwa shida, sai nan gaba. Na rubuta na ajiye.

5 ga Nuwamba, 2023

Tazara ta buɗe. Gidan kwana 5 na tsakanin giram 175 da 205, gidan kwana 10 kuwa 120 zuwa 138. A tsawo bambancin bai kai haka ba, santimita 4 zuwa 5 ne. Wannan ne abin farko da littafin ya koya mini: nauyi na gudu, tsawo na tafiya.

Na ɗan tsaya a kan abin da ke faruwa cikin cikin mesa bayan ta haɗiye abinci, domin a nan girman yake fitowa. Stephen Secor da Jared Diamond sun shafe shekarun 1990 suna nazarin wannan a kan mesar Bama. Mesar da ta daɗe ba ta ci ba, hanjinta a lafe yake, cikinta ba ya fitar da ruwan narkar da abinci, komai na tafiya a ƙasa-ƙasa. Da ta haɗiye babban nama sai komai ya tashi lokaci ɗaya: hanji ya kumbura ya ƙara nauyi cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan ciki ya yi tsamin da zai narkar da ƙashi, iskar da jiki ke sha ta ninka, har wajen sau 40 idan abin da ta haɗiya ya yi girma ƙwarai. Idan narkewa ta ƙare sai komai ya sake lafawa. Saboda haka wani kaso na kowane ɓera a wajen narkar da shi kansa yake ƙarewa, ragowar ce ke zama tsoka da ƙashi da kitse.

Inda maciji ya fi dabbobi masu jinin ɗumi riba shi ne ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa. Ɓera na ci ne dare da rana, kuma mafi yawan abin da ya ci a zafin jiki yake tafiya. Maciji kuwa daga waje yake aron ɗumi, shi ya sa kaso mai tsoka na abin da ya ci ke komawa jikinsa. Sai dai aron na da sharaɗi: idan babu ɗumi, narkewa na tafiyar hawainiya, idan sanyi ya yi yawa abincin ya fara ruɓewa a ciki ya amayar da shi. Duk shidan, da sun ci, sai su koma ɓangaren ɗumi su kwanta kwana biyu ba motsi. Wanda ya ba maciji abinci bai ba shi ɗumi ba, rabin aiki ya yi.

28 ga Janairu, 2024

Gidan kwana 5 na saɓa kusan duk mako huɗu zuwa biyar, ɗaya gidan sai ya kai mako shida ko bakwai. Alamar ba ta canzawa: launi ya dushe, ciki ya yi ja-ja, ido ya yi hazo shuɗi-shuɗi saboda ruwan da ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, sai idon ya washe, bayan 'yan kwanaki a wayi gari an tuɓe.

Na auna saɓar Ƙyalla don nishaɗi. Ita kanta santimita 58 ce, saɓarta ta kai 69. Fatar da ke naɗe a ƙarƙashin kowane ƙambori ce ke warwarewa idan aka tuɓe, ga kuma talewa wajen fita. Duk wanda ya tsinci saɓa ya ce ga tsawon macijin, ya yi masa ƙari. Haka fatar da aka feɗe aka shanya, ita ma ana iya ja ta ta ƙaru sosai. Yawan saɓa ma ba ya faɗin shekaru. Macijin Amurka mai ƙararrawa a wutsiya na ƙara ƙulli ɗaya duk saɓa, ba duk shekara ba, kuma tsofaffin ƙullin na karyewa su faɗi.

21 ga Afrilu, 2024

Awo na tafiya ba wani sabon abu, tazarar dai na ƙaruwa a hankali. Abin da ya ɗauke mini hankali makon nan labari ne daga Indiya: an bayyana ƙasusuwan bayan wani tsohon maciji da aka tono a jihar Gujarat, aka sa masa suna Vasuki indicus, ya rayu kimanin shekaru miliyan 47 da suka wuce, an kuma ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 11 da 15. Kafin shi Titanoboa ne ke riƙe da kambun, wanda aka tono a mahaƙar kwal ta Cerrejón a Kolombiya aka bayyana a 2009, mai kusan mita 13, daga shekaru miliyan 58 zuwa 60 baya. Waɗanda suka bayyana Titanoboa sun yi amfani da girman nasa wajen hasashen cewa yankin ya fi yau zafi a wancan zamani, bisa hujjar cewa dabbar da ke aron ɗumi daga waje ba za ta kai wannan girma ba sai a wuri mai zafi. An yi ta musu a kan adadin digirin da suka bayar, amma tushen hujjar a bayyane yake ko a yau: duk macizan da suka fi girma a ƙasashe masu zafi suke, babu ko ɗaya a ƙasashen ƙanƙara.

A cikin masu rai, mesar kudu maso gabashin Asiya mai zanen raga ce ta fi tsawo. Wata ta kiwo mai suna Medusa an auna ta mita 7.67 a Kansas City ta Amurka a 2011. Anakonda ta Kudancin Amurka ba ta kai ta tsawo ba amma ta fi ta nauyi. Ƙungiyar da ke kula da gidan namun daji na Bronx a Niyok ta shafe shekaru da dama da tayin lada ga duk wanda ya kawo maciji mai rai da ya kai ƙafa 30, wato ɗan sama da mita 9. Ladan ya hau har dala 50,000, aka janye shi a 2002 ba wanda ya karɓa. Duk da labaran mafarauta na macizai masu ƙafa 40 da 50, babu wanda ya kawo ko ɗaya.

A ɗaya gefen akwai siririn macijin tsibirin Babados da Blair Hedges ya bayyana a 2008. Babbansa santimita 10 ne. Macen ƙwai ɗaya tak take yi, dogo, kuma ɗan na fitowa da kusan rabin tsawon uwarsa. Ɗan babbar mesa kuwa ɗan mitsitsi ne kusa da uwarsa, sai ya ninka tsawonsa sau da yawa kafin ya kamo ta. Nawa shidan a tsakiya suke: daga santimita 40 za su tsaya wani wuri tsakanin 90 da 150. Ko ɓeran duniya na tara musu ba za su zama mesar Bama ba. Jinsi ne ke kafa rufin, abin da nake aunawa shi ne saurin hawa da kuma inda kowane zai tsaya a ƙarƙashinsa.

17 ga Yuli, 2024

Shekara ɗaya cif.

Gidan kwana 5: Doguwa giram 640 da santimita 78, Ƙyalla 590 da 75, Dunƙule 545 da 72. Gidan kwana 10: Mai Ɗigo 385 da 66, Shiru 360 da 65, Gajere 350 da 63. Abinci ninki biyu bai ba da nauyi ninki biyu ba, tsawo kuwa tazarar wajen santimita 10 ce kacal.

Daga yau na canza tsari, kuma nan ne ainihin gwajin yake. Kowa zai koma cin abinci duk kwana 10, girman ɓera daidai jikin mai ci. Tambayar ita ce: waɗanda suka taso da tsimi za su kamo 'yan uwansu, ko tazarar ta zauna ke nan? An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ina so in ga ko maganar ta shafi mesa.

Akwai binciken da ke cewa ba lallai ba ne. Thomas Madsen da Richard Shine sun shafe shekaru suna kama mesar ruwa a Fogg Dam da ke arewacin Ostiraliya, su yi mata alama, su auna, su saki, su sake kamawa. Abincin wannan mesa kusan duka wani ɓera ne da yawansa ke hawa da sauka gwargwadon yadda ruwan sama ya zo a shekarar. A sakamakon da suka fitar a 2000, mesar da aka ƙyanƙyashe a shekarar yalwar ɓera ta ci gaba da girma da sauri har bayan shekaru, wadda ta fito a shekarar fari kuwa ta ci gaba da jan ƙafa ko da ɓera ya dawo ya yawaita. Shekarar farko ta bar tabon da bai goge ba, har ya shafi girman da suka kai a ƙarshe.

Wannan binciken na daji ne, inda ƙaramin maciji ba ya iya haɗiye babban ɓera, don haka wanda ya fara a baya na iya ci gaba da rasa rabo. A akwati babu wannan, kowa ana miƙa masa daidai bakinsa. Idan har nawa suka kasa kamowa, to abin a cikin jiki yake. Idan suka kamo, ƙila wahalar farauta ce ta riƙe na Fogg Dam. Hasashena dai shi ne za su rage tazarar amma ba za su share ta ba.

8 ga Disamba, 2024

Dunƙule ya rufe baki tun tsakiyar Oktoba. Ana miƙa masa ɓera sai ya lasa iska da harshe ya juya kai. Da daddare kuma sai yawo a akwati yana neman hanyar fita. Lafiyarsa ƙalau, numfashi babu ƙara, baki tsaf. Balaga ce ta zo. Namijin wannan mesa na riga mace balaga, kuma idan lokacin barbara ya kama yakan bar ci na watanni. Gajere, da yake bai kai shi girma ba, yana ci abinsa. Wato girman jiki ne ya kira balagar, ba shekaru ba, tunda rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su.

Abin mamaki, ya sauke giram 25 amma ya ƙara kusan santimita ɗaya. Awon hoto na iya kuskuren da ya kai haka, don haka ban riƙe shi hujja ba, sai dai ya yi daidai da abin da Marshall McCue ya samu a Jami'ar Arkansas a 2007. Ya hana macizai jinsi uku abinci na kusan wata shida, har da irin wannan mesa. Sun rage ƙona ƙarfin jikinsu, wasu da kashi 72 cikin 100, suka rayu a kan kitsen da suka tara, kuma duk da haka tsawonsu ya ci gaba da ƙaruwa. Jiki na ramewa, ƙashi na miƙewa.

A nan hanyar maza da mata ke rabuwa. A mafi yawan jinsunan macizai mace ce ta fi girma, kuma dalilin a fili yake: doguwar mace mai faɗin ciki ta fi ɗaukar ƙwai. Mesar Bama mafi nauyi da aka kama a Filorida, mai kilo 98, an samu ƙwai 122 a cikinta. Richard Shine ya nuna tun 1978 cewa inda aka fi samun namiji ya fi mace girma shi ne jinsunan da maza ke kokawa a kan mace, irin macizai masu ƙararrawa. A can ƙato ne ke samun haihuwa. A wajen mesata, namiji na isa aiki da wuri sai ya sassauta, mace kuwa sai ta ci gaba da tarawa.

2 ga Maris, 2025

Na sauya wa kowa akwati zuwa babba. Maganar cewa ƙaramin akwati na tsayar da girman maciji ba ta da tushe. Shidan nan akwati iri ɗaya suka zauna amma girmansu ya bambanta, kuma Doguwa ta ci gaba da tsawo har sai da ta fi tsawon akwatinta. Idan an ga macijin da ya tsumbure a matsattsen wuri, a duba abincinsa da ɗuminsa da tsutsar ciki da kuma tashin hankalin da ke hana shi ci. Mai ajiye maciji a matsi yawanci shi ne mai sakaci da sauran.

Amma akwai wurin da wuri ke canza girma da gaske, wato tsibiri, kuma ba ta hanyar matsi ba. Macijin damisa na kudancin Ostiraliya shi ne misalin da na fi so. A tsibirin Chappell ƙattai ne, domin abin da ke akwai shi ne 'yan tsakin wani tsuntsun teku, manya masu kitse, da ake samu na 'yan makonni a shekara. Wanda bakinsa bai isa haɗiye su ba ya rasa rabon shekara. A tsibirin Roxby kuwa ƙananan ƙadangaru ne abinci, macizan can sun zama wadanni, kusan rabin tsawon na Chappell. Da Scott Keogh da abokansa suka duba ƙwayoyin halittarsu a 2005, sai suka ga bambancin kaɗan ne ƙwarai, domin tsibiran ba su fi shekaru dubu goma da rabuwa da babbar ƙasa ba. Cikin wannan ɗan lokaci girman abinci ya sake fasalinsu. Aubret ma ya nuna a 2004 cewa 'ya'yan macijin damisa daga tsibirin Carnac, idan aka riƙa ba su manyan ɓeraye, muƙamuƙinsu na fin na 'yan uwansu da aka ba ƙanana girma. Ke nan abinci na taɓa har siffar kai, ba tsawo kaɗai ba. Scott Boback kuma da ya tattara bayanan macizan tsibirai a 2003, ya ga cewa manyan jinsuna sukan ƙanƙance a tsibiri, ƙanana su ƙaru, kamar duka suna neman haɗuwa a wajen mita ɗaya.

Don haka idan aka ce jini ne, gaskiya ne, amma jinin ma abincin kakanni ne ya sassaƙa shi.

Dunƙule ya buɗe baki makon jiya.

20 ga Yuli, 2025

Shekara biyu, shekara ɗaya kuma da daidaita abinci.

Doguwa giram 1,120 da santimita 97, Ƙyalla 1,040 da 94, Mai Ɗigo 905 da 91, Shiru 850 da 88, Dunƙule 735 da 84, Gajere 720 da 82.

Jerin ya sake kama. Bara gida ne ke raba su, bana jinsi ne: mata huɗu a sama, maza biyu a ƙasa. Mai Ɗigo da Shiru, da suka taso da rabin abincin Dunƙule, duk sun wuce shi. Tsakanin mazan biyu saura santimita 2, domin ɗaya ya yi wata huɗu da ɗoriya ba ya ci, ɗayan yana ci. Tsakanin matan tazarar ta sauko daga wajen santimita 11 zuwa 6. Suna kamowa, amma ba su kamo ba.

Saurin kowa ya ragu. A shekarar farko Doguwa ta ƙara kusan santimita 38, a ta biyu 19. Wannan ita ce ma'anar maganar da ake yi cewa maciji ba ya daina girma: ba shi da ranar tsayawa irin ta mutum, amma bayan balaga ƙarin na ta raguwa har ya koma abin da ma'auni ke gani da ƙyar. Kuma wannan mesa na da tsawon rai. Wata a gidan namun daji na Saint Louis ta yi ƙwai bakwai a 2020 tana da kimanin shekara 62, ba ta kuwa zama dodo ba, ta tsaya cikin girman jinsinta.

Sikeli kaɗai na iya ruɗin mai kiwo. Masu gaggawar kai mace ga haihuwa kan yi mata ɗura don ta kai giram 1,500 da wuri, abin da suke samu kuwa kitse ne: baya ya yi zagaye ƙashin ya nutse, fata ta riƙa leƙowa tsakanin ƙambori, kai ya zama ƙarami a kan jiki, hanta ta cika da mai. A daji ma sauri na da farashi. Anne Bronikowski ta yi nazarin wani ƙaramin maciji a tafkin Eagle na Kalifoniya, inda na bakin tafki ke girma da sauri su haihu da wuri su mutu da wuri, na makiyayar kan tudu kuma su girma a hankali su daɗe a duniya, kuma wani ɓangare na bambancin ya bi 'ya'yansu har ɗakin gwaji. Ƙyalla ta fara nuna ninki a gefen jiki idan ta naɗe, don haka na rage mata girman ɓera, ban taɓa tazarar kwanakin ba.

Ƙirgan ƙamborin ciki bai faɗi komai ba tukuna. Shiru ce ta fi kowa yawansu, ita ce kuma mafi gajarta a mata.

Daga yanzu awon tsawo zai koma duk wata uku, nauyi duk wata. Ba zan haɗa ko ɗaya daga matan da namiji ba har sai sun cika shekara huɗu, domin ƙwai zai janye abin da ya kamata ya tafi tsawo ya dagula lissafin. Daga Satumba manyan biyun za su koma ci duk kwana 14, Mai Ɗigo da Shiru su bi su da zarar kowace ta haura giram 1,000. Awo na gaba 19 ga Oktoba.